Mafaka da Shimfiɗar Yashi: Yadda Ake Yaƙar Gansakuka a Tankin Murjani



Abin da ya tara mu yau ƙarami ne ga ido, watau tankin gilashi cike da ruwan gishiri, da 'yan kifaye da murjani mai rai a cikinsa. Duk wanda ya taɓa kiwon irin wannan ya san ranar baƙin ciki, ranar da gansakuka za ta lulluɓe duwatsu kamar koren gashi, ta haye kan murjani, ta tsare masa haske har ya mutu. A kankare ta yau, jibi ta dawo.

Dalili kuwa taki ne. Ragowar abincin kifi da kashinsu kan ruɓe su zama naitaret da fosfet, watau dai irin sinadaran da ke cikin buhun takin zamani. Ruwan tekun da murjani ke zaune ciki ba shi da wannan taki sai kaɗan ƙwarai, alhali a tanki taruwa yake yi kullum, ba shi da mafita. Saboda haka a ganinmu, mai kankare gilashi reshe yake sara, ya bar saiwa.

Dabara ta farko ita ce a shimfiɗa yashi mai laushi, kaurinsa santimita 10 zuwa 15. Can ƙasansa iskar oksijin ba ta kaiwa, to a nan wasu ƙwayoyin bakteriya ke farfasa naitaret, ta zama iskar naitirojin, ta fice daga ruwa. Masanin nan na Faransa, Jean Jaubert, ya yi suna da wani salo na wannan a gidan nazarin teku na Monako, a ƙarshen shekarun 1980. Sai dai yashi ba ya kawar da fosfet. Riƙe ta yake yi, in ya ƙoshi ya sako ta. Kuma wanda ya tone shi da garaje zai iya tado iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke kashe kifi.

Shi ya sa muka fi son a kai yashin cikin mafaka. Mafaka wani ƙaramin tanki ne da ake ajiyewa ƙarƙashin babban, famfo na zagaya ruwa tsakaninsu, ba a sa kifi a ciki. Nan ake shuka ciyawar teku da gangan, yawanci Chaetomorpha, mai kama da zaren fatsa da ya cukurkuɗe. Ita ce za ta riga gansakuka cinye takin, fosfet da naitaret duka, har yunwa ta ga bayan waccan. Akan kunna mata fitila da dare lokacin da ta babban tanki ke kashe, don kada ruwa ya yi tsami kafin asuba. Daɗin daɗawa, ƙananan halittu dangin jatan lande kan hayayyafa a nan lami lafiya, ruwa ya kwashe wasu ya kai wa kifi.

Amma fa, jama'a, takin bai bar tanki ba sai ran da aka yanki ciyawar aka fitar. In an bar ta ta mutu a ciki, abin da ta ci duk za ta amayar.

To, ina za a zubar? A 1984 aka ga wata ciyawar tanki mai suna Caulerpa taxifolia a cikin Bahar Rum, daidai gindin wancan gida na Monako, faɗinta bai wuce murabba'in mita ɗaya ba. Kafin shekara 20 ta bazu gaɓar ƙasashe shida, har da Tunisiya, tana danne ciyayin asali. A 2000 ta ɓulla kusa da San Diyego a Amurka, sai da aka rufe ta da tamfol aka zuba mata kulorin, ba a tabbatar da an gama da ita ba sai 2006. Don haka abin da muka yanko, mu shanya shi ya bushe ƙarau, mu ɗaure a leda, sa'an nan mu jefa kwandon shara.