Gaskiya Tsayayya da Gaskiyar Zuci a Koyarwar Addinin Kirista



Tambayar da za mu duba yau tsohuwa ce. Shin gaskiya aba ce mai tsayuwa da ƙafarta, ko an yarda da ita ko an ƙi, ko kuwa kowa da tasa gwargwadon abin da zuciyarsa ta raya masa? Ta farko za mu kira ta gaskiya tsayayya, ta biyu gaskiyar zuci. Tun fiye da shekara 400 kafin haihuwar Almasihu, wani masani Bagirke mai suna Furotagoras ya koyar da cewa mutum shi ne ma'aunin kowane abu. Linjilar Yohanna kuma ta ba da labarin Bilatus, gwamnan Rumawa, wanda ya tambayi Yesu ko mece ce gaskiya, ya fita bai jira amsa ba.

Bari mu ɗauki misali daga gida. A 2019 dokar Jihar Kano ta kafa masarautar Gaya. A watan Mayu na 2024 wata doka ta rushe ta, a watan Yuli kuma aka maido da ita da daraja ta biyu, Ajingi na cikinta. Ko hakan ya kyautu ko bai kyautu ba, mutanen Gaya da na Ajingi suna iya saɓawa, kowa da hujjarsa. Majalisa tana da ikon kafawa da rushewa, amma ba ta da ikon mayar da abin da ya auku ya zama bai auku ba. Wannan ita ce gaskiya tsayayya.

Malaman Kirista sun tsaya a kan cewa gaskiya irin wannan akwai ta, tushenta kuwa Allah ne. Agustin, bishop na Hippo, watau Annaba ta ƙasar Aljeriya a yau, ya rubuta raddi a shekara ta 386 ga masu cewa ba a iya sanin kome a tabbace. Daga baya ya ƙara da cewa mai shakka ma ya tabbata yana shakka, ya kuma tabbata akwai shi. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya kuma karanta littattafan Ibn Sina, ya bayyana gaskiya da cewa dacewa ce tsakanin abin da ke cikin hankali da abin da ke waje. Wato hankali kamar tiya yake a kasuwar hatsi: aikinsa auna gero, ba ƙirƙiro shi ba.

Haka kuma suka ɗauki addinin nasu. Manzo Bulus ya shaida wa mutanen Koranti cewa in Almasihu bai tashi daga matattu ba, imaninsu aikin banza ne. Sanin kowa ne Musulmi da Kirista sun saɓa a kan gicciye Annabi Isa. Amma saɓanin kansa shaida ne cewa dukkansu sun yarda abu ɗaya ne ya auku. Da kowa da gaskiyarsa ne, da ba abin da za a yi jayayya a kansa.

To, ina matsayin zuciya? A 1846 wani masani Kirista ɗan ƙasar Denmak, Soren Kiyarkigad, ya jawo hankali ga gaskiyar zuci. Ya ga mutanen ƙasarsa sun gaji addini kamar yadda ake gadon gona, suna furta shi ba ya taɓa halinsu. Yawancin masu nazarinsa sun fahimci cewa ba musun gaskiya tsayayya ya yi ba, nufinsa ita ba ta amfanin wanda bai riƙe ta da zuciya ɗaya ba. Wasiƙar Yaƙub ma ta ce aljanu sun san Allah ɗaya ne, sanin bai cece su ba. Harshenmu ya haɗa ɓangarorin biyu a kalma guda. Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga shi cikakke da Hausa a 1932, yana kiran imani bangaskiya, wato ba da gaskiya. Abin yana nan a tsaye, mutum ne ke miƙa masa wuya.

Daga nan ƙa'idodi biyu suka fito. Ta farko tawali'u: gaskiya ɗaya ce, amma sanin ɗan Adam ragagge ne, saboda haka ƙarfin yaƙini ba hujja ba ne. Ta biyu rashin tilastawa. Babban taron Cocin Katolika a Batikan ya zartar a 1965 cewa gaskiya ba ta shiga zuciya sai da ƙarfin kanta, ba a kuwa tilasta wa kowa addini.

Ya ku ma'aikata, nan ne maganar ta shafe ku. Malamin gona da aka ce ya rubuta an raba takin da ba a raba ba, da akawun kotu mai rubuta shaidar iyakar gona, da malamin makaranta mai ba da maki, kowannensu yana gaban tambayar Bilatus. In gaskiya ra'ayi ce kawai, ra'ayin mai iko ne zai rinjaya kullum, talaka ba shi da madogara. In kuwa tsayayya ce, to takardar da ke hannunku amana ce. Ku kuma ɗalibai, ku koyi rarrabe abin da kuka tabbatar da abin da kuke so ya zama haka. Magabata sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne.

 Allah ya sa mu dace.