ƘAURACE WA SHAGUNAN KOFI A INGILA SABODA HARAJI



Na san wasunku sun yi mamakin ganin malamin Hausa ya tashi zai yi lacca a kan haraji. To, kalma ce ta jawo ni. Masana shari'ar Turawa suna bambanta ƙin biyan haraji, wanda laifi ne da akan ɗaure mutum a kansa, da kauce wa haraji, watau bi ta kafar da doka ta bari a buɗe. Wanda ya san tarihin jangali a ƙasar nan ba zai sha wuyar fahimtar na biyun ba. Makiyayi ya ji masu ƙidaya na tafe, sai ya kora garkensa zuwa wata gunduma. Shanu suna nan da ransu, ƙidaya ce kawai ba ta same su ba. Abin da manyan kamfanoni ke yi da ribarsu ke nan, sai dai su da alƙalami suke korar tasu.

Cikin watan Oktoba na 2012, lokacin ina karatu a Ingila, kamfanin dillancin labarai na Reuters ya buga wani bincike game da Starbucks, kamfanin Amurka mai shagunan sayar da kofi. Binciken ya nuna cewa tun da kamfanin ya shiga Birtaniya a 1998 ya yi ciniki na sama da fam miliyan dubu 3, amma harajin riba da ya biya cikin shekara 14 ɗin nan duka fam miliyan 8.6 ne. A shekaru uku na ƙarshe kuwa bai biya ko anini ba, domin littattafansa sun nuna hasara. Alhali kuwa a daidai wannan lokaci shugabanninsa suna gaya wa masu hannun jari a Amurka cewa kasuwar Birtaniya tana tafiya yadda ake so.

Yaya shago zai cika da mutane safe da yamma, amma ya wayi gari da hasara? Nan ne ya kamata ma'aikatan da ke cikinmu su kasa kunne. A wancan lokacin, reshen Birtaniya yakan biya kashi 6 cikin ɗari na cinikinsa ga wani reshe na kamfanin da ke Holan, a matsayin ladan amfani da suna da tambari. Ku lura, daga ciniki ake cire kason nan, tun kafin a san ko an ci riba. Ɗanyen kofin kuma wani reshe ne da ke Suwizalan yake sayo shi, ya ɗora kashi 20 cikin ɗari a kan farashi, a soya a Holan, sannan a kawo Ingila. Ko itacen kofi ɗaya ba ya tsiro a Suwizalan, amma harajinta a kan irin wannan fatauci ƙarami ne. Daɗin daɗawa, reshen yana cin bashi daga uwar kamfanin da ruwa mai tsada. Duk mai saye da mai sayarwa da mai ba da bashi 'yan gida ɗaya ne, saboda haka farashin da suka ga dama shi suke yanka wa junansu, muddin hukumar haraji ba ta ƙi ba.

Labarin ya faɗo ne a lokacin da gwamnati ke tsuke bakin aljihu tana rage kuɗin taimakon marasa galihu, don haka ran mutane ya ɓaci ƙwarai. Jama'a suka shiga kiran juna da a daina shiga shagunan. Cikin Nuwamba, kwamitin Majalisa mai bin diddigin kuɗin gwamnati, ƙarƙashin Margaret Hodge, ya kira wakilan Starbucks da Amazon da Google ya yi musu tambayoyi a bainar jama'a, inda ta gaya wa ɗaya daga cikinsu cewa ba a zarginsu da karya doka, ana zarginsu ne da rashin ɗa'a. Ran 6 ga Disamba Starbucks ya ba da sanarwa cewa zai biya kimanin fam miliyan 20 cikin shekara biyu, ko ya ci riba ko bai ci ba. Wannan bai hana ƙungiyar UK Uncut mamaye shaguna da dama bayan kwana biyu ba.

Me ya sa kamfanin kofi ya rusuna, sauran biyun kuwa suka yi ko oho? Amsar, a ganina, tana kan titi. Wanda ya fasa shiga Starbucks, taku ashirin zai yi ya sami Costa ko wani ɗan shago, kuma kofi kofi ne. Ƙauracewa ba ta jawo masa asarar komai. Barin Google kuwa wani abu ne dabam. Haka ma abin ya kasance tun asalin kalmar a Turanci, wadda aka ciro daga sunan Kyaftin Charles Boycott, wakilin mai gonaki a Ailan, wanda manoma suka juya wa baya a 1880: ta ci shi ne domin yana zaune a tsakiyarsu, kuma da su ya dogara.

Amma ni kam fam miliyan 20 ɗin nan bai kwanta mini ba. Haraji hakki ne da doka ke yankawa, mai biya ba shi da ta cewa game da yawansa. Ranar da kamfani ya zaɓi abin da zai bayar don a daina jin haushinsa, abin ya koma kyauta, kuma mai kyauta yana iya fasawa baɗi. Abin da ƙauracewar ta yi na haƙiƙa shi ne tilasta wa 'yan siyasa su taɓa dokar kanta. A 2015 Birtaniya ta kafa harajin kashi 25 cikin ɗari a kan ribar da aka karkatar zuwa waje. A shekarar kuma Hukumar Tarayyar Turai ta umarci Holan ta karɓo yuro miliyan 20 zuwa 30 daga Starbucks, ko da yake kotun Tarayyar ta soke umarnin a 2019, ta ce ba a kawo isasshiyar hujja ba.

Mu fa ina namu ya shiga? Ba mu da layin shagunan kofi da za mu ƙaurace wa, kuma mai saye ba ya iya juya wa kamfanin haƙar mai ko ma'adinai baya, tunda ba shi yake saye ba. Amma dabarar ita ce dai. Kwamitin da Thabo Mbeki ya shugabanta ya ƙiyasta a 2015 cewa Afirka na asarar sama da dala miliyan dubu 50 kowace shekara ta hanyar fitar da kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, kuma kaso mafi tsoka ta harkar kamfanoni yake fita. Nijeriya ta yi ƙa'idojinta na duba farashin da rassan kamfani ke yanka wa juna tun 2012. Da ƙasashe 136 suka amince a 2021 cewa kada harajin manyan kamfanoni ya gaza kashi 15 cikin ɗari, Nijeriya da Kenya sun ƙi sa hannu, domin sun ga rabon da aka tsara bai ba ƙasashe irin namu abin kirki ba. Aikin ke nan ya dawo kan teburin ma'aikacin haraji, wanda zai buɗe littafin kamfani ya tambayi dalilin kowane kuɗi da aka aika wa wani reshe a waje, da wanda ya yanka farashin.

Shugaban taro, a nan zan dakata don a yi tambayoyi.