Jawabi Kan Takin Shara Da Yadda Ake Amfani Da Shi

Batun da za mu yi yau shi ne takin da kowane magidanci zai iya haɗawa a bayan gidansa ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Ƙasar da ake nomawa kullum ba a mayar mata da kome, gajiya takan yi. Manoman karkarar Kano sun daɗe da sanin haka, shi ya sa tun kaka da kakanni suke kwasar juji da jakuna suna kaiwa gona.

A haƙa rami mai zurfin kamar mita ɗaya a inuwa. A shimfiɗa busasshen ganye da karan da aka daddatse, a bi da ɗanyen ciyayi da ɓawon kayan miya, sannan kashin dabbobi da 'yar toka kaɗan. A yayyafa ruwa ya yi laima, amma kada ya jagwaɓe, domin ƙananan halittun da ke ruɓar da shi suna bukatar iska. A riƙa juya shi bayan kowane mako biyu ko uku. Idan aka ji cikinsa ya ɗauki zafi, to aiki yana tafiya, kuma zafin nan yakan kashe yawancin irin ciyawa. Leda, kwalba, batir da kashin kare ba su da wuri a ramin.

Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi laushi, yana ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan farko. A nan ne mutane da yawa suke yin garaje. Takin da bai nuna ba yakan janye abincin da shuka take bukata, sai a ga ganye ya yi ɗorawa. Ɗanyen kashin kaji kuwa ƙone saiwa yake yi.

Mai lambu ya baza kaurin yatsa biyu a kan fangali, ya cuɗa da ƙasa kafin dashe. Mai ciyawar ƙawa a farfajiya ya tankaɗe takin, ya barbaɗa sama-sama yadda ba zai binne ta ba, ya ba ta ruwa. Shukar tukunya kuma a haɗa mata kashi ɗaya na taki da kashi biyu na ƙasa mai rairayi, a huda gindin tukunyar don ruwa ya samu mafita.