Daga Zango Zuwa Zango: Jawabi A Kan Rayuwar Matafiya A Ƙasa



Duk wanda ya baro Tsafe ya nufi Gusau, idonsa ba zai kauce wa Dutsen Kwatarkwashi na ƙasar Bunguɗu ba. Mota tana shige shi cikin mintuna kaɗan. Kakanninmu kuwa da ƙafa suka san shi, kamar yadda suka san duwatsun Tsafe, kuma a kan rayuwarsu ta hanya za mu yi magana yau.

A Amurka akwai wata turba da ta bi duwatsun Afalashiya, tsawonta wajen kilomita 3,500, ta ratsa jihohi 14. Mutum yakan goya jakarsa, da tanti da abinci a ciki, ya yi wata biyar zuwa bakwai yana taka ta don nishaɗi. Fataken ƙasar nan sun yi irin wannan doguwar tafiya don neman abinci. Sukan tashi bayan kaka, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, wasu su bi ta duwatsun Atakora, har Salaga ta ƙasar Gwanja, cikin Gana ta yau. Su kai kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro. Zuwa da komowa yakan ci wata shida har shekara guda. Kambarin Barebari na Gummi sun yi suna a wannan fatauci. A 1826 Bature Clapperton ya tarar da wani ayari a Kayama mai mutum fiye da dubu, maza da mata.

To, yaya yini guda yake? Tun kafin assalatu ake tashi. A yi salla, a sha kunu, a ɗora wa jakuna mangala, masu dako su gyara gammo. Jagaba ya shige gaba, madugu yana lura da kowa. Ana so a ci ƙasa da sanyin safiya, domin in rana ta take, dutse yakan gasa tafin ƙafa, kaya kuma ya ƙara nauyi. A wurin hawa sai a bi layi ɗaya, a tallafa wa jaki, a jira mai rauni. Ruwan salka da ƙa'ida ake shansa, guzuri kuwa wanda ba ya lalacewa ne: gumba, ƙuli-ƙuli, kilishi da dakuwa. Abin da ba shi da amfani ba ya shiga kaya, don wuyan mutum shi zai biya.

Sauka a zango ma aiki ne sabo. Wasu su yi itace, wasu su ɗebo ruwa, wasu su kai dabbobi kiwo, wasu su kafa bukkoki su kewaye su da ƙaya. Mata su ɗora tukunya. A cire ƙayar ƙafa, a shafa wa faso mai. A hanyar komowa kuwa goro ya fi jariri son kulawa: bayan 'yan kwanaki a kwance shi, a tsince mai sankara, a yayyafa ruwa, a sake lulluɓe shi da ɗanyen ganye. Da dare a raba gadi. In an iso ƙasar wani sarki ko mashigin kogi, madugu ne zai daidaita kuɗin fito, kowa ya ba da nasa gwargwadon kayansa.

Wannan shi ne abin da muke so mu riƙe. Ba wanda ya isa Gwanja shi kaɗai. Tsari da karo-karo da biyayya ga jagora su suka kai jakin talaka inda na attajiri ya kai, shi ya sa aka ce tafiya sannu-sannu kwana nesa.

Jirgin ƙasa ya iso Gusau, motoci suka biyo baya, ayari ya zama labari. Yau kuma 'yan bindiga sun sa manomi yana ɗar-ɗar da hanyar gonarsa, balle malami ya hau dutse da ɗalibansa. 'Ya'yanmu da aka haifa a birni suna iya girma ba su san sunan dutse ko ɗaya na ƙasarsu ba.

Saboda haka muna roƙon ƙungiya abu biyu. Na ɗaya, a tura matasa da rakoda wurin dattawan da suka ji labarin fatauci daga bakin kakanninsu, a rubuta tun suna raye. Na biyu, kuɗin wata-wata da muke jinkirin biya, mu ɗauke shi kamar kuɗin fito, domin da shi ake taimakon 'yan'uwan da aka raba da ƙauyukansu.

Allah Ya maido mana da zaman lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.