Mako Biyu a Legas: Jawabin Sakataren Gidauniya a Taron Shekara

 



Lissafin shige da fice na bana yana cikin rahoton da ke hannunku, don haka ba zan maimaita shi ba. Ina neman izini in ba ku labarin mako biyu da na yi a Legas kimanin shekara 20 da suka wuce, domin a kansa zan ɗora roƙona.

Bayan na gama hidimar ƙasa, wani abokina ya nuna mini sanarwar wani kamfanin ba da shawara kan harkokin kasuwanci, yana neman sababbin masu digiri daga kowane fanni. Manyan irin waɗannan kamfanoni su ne Deloitte da KPMG da PwC da EY. Aikinsu binciken littattafan kuɗi, da lissafin haraji, da nuna wa ma'aikata inda dukiyarta ke zurarewa. Wanda na nema ƙarami ne, bai kai su ba. Aka fara da jarrabawar lissafi da fahimtar rubutu cikin ƙayyadajjen lokaci, waɗanda suka haye aka kira su gwaji na mako biyu.

Na shiga wurin ina jin kunyar faɗin abin da na karanta, ganin abokan zamana duk masu digirin akanta ne da tattalin arziki. Aka raba mu rukuni-rukuni, aka ba mu takardun wata masana'antar ruwan leda wadda cinikinta ke ƙaruwa amma ribarta na raguwa. Aka ce mu gano dalili, mu bayyana wa manyan kamfanin cikin minti 10.

A nan na gane cewa malamanmu ba su turo ni hannu wofi ba. Ɗalibin da ya warware mas'alar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai, inda rabi da kashi biyu bisa uku suka zarce dukiyar har aka yi auli daga 6 zuwa 7, rabon kaso ba zai firgita shi ba. Matar da ke kula da rukuninmu kuwa tambayarta ɗaya ce a kullum: daga ina ka samo wannan adadi? Wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san wannan tambaya, neman isnadi ne. Da wannan bin diddigi muka gano cewa kuɗin man janareta da na leda sun hau, farashin jakar ruwa bai motsa ba. Har gobe, idan kun ga ofishinmu ya ƙi rubuta kobo sai da rasit, to daga can tarbiyyar ta ƙara ƙarfi.

Duk da haka ba a ɗauke ni ba, kuma ba a zalunce ni ba. Ban iya aiki da Excel ba, abin da wani zai gama kafin azahar sai in kai magariba a kansa. Sannan guzurina ya ƙare tun makon farko. Na koma kwana a wani masallaci a Agege, ina fita da zarar an sallame asuba, amma cunkoson hanya ya makarar da ni har sau biyu. Wani dattijo mai fataucin goro ne ya biya mini kuɗin motar komawa gida. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Ya ku iyayenmu, a kowace unguwa akwai yaro ko yarinya da ke tsaye inda na tsaya. Yawancin kamfanonin nan suna neman digiri mai daraja ta biyu ta sama, da yawansu kuma suna ƙayyade shekaru, saboda haka ƙofar ba ta daɗewa a buɗe. A yau jarrabawar farko ta intanet ake yawan yin ta, wanda ba shi da kwamfuta da data da wutar lantarki ya faɗi tun bai zauna ba.

Roƙona uku ne. Na farko, kowane kwamitin masallaci ya rubuta sunayen masu digirin unguwarsa, ya riƙa isar musu da sanarwar ɗaukar aiki kafin wa'adi ya cika. Na biyu, masu niyyar wakafi su tuna cewa ɗaki ɗaya mai kwamfutoci da hasken sola sadaka ce mai gudana. Na uku, muna roƙon malamanmu su duba mana matsayin talakan da aka kira gwaji a wani gari, ba shi da kuɗin mota da masauki, a cikin rukunoni 8 da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata. Abin da suka yanke shi za mu bi, kuma duk abin da aka kashe za ku gan shi a rahoton baɗi, in Allah Ya kai mu.

Allah Ya karɓi zakkarku da wakafinku, Ya sa albarka a abin da ya rage, Ya buɗa wa 'ya'yanmu ƙofofin halal.