Likitan Yara da Damuwar Matasanmu

  

Na roƙi a ba ni wannan dama ne saboda wani abu da ya faru a gidana, wanda na tabbata yana faruwa a gidaje da dama nan Hausari, ana ta rufewa don kunya.

Ba wanda zai manta da ranar 10 ga watan Satumba, 2024, da ruwan madatsar Alau ya shigo gari. Bayan ruwa ya janye, mu manya muka shiga lissafin asarar kaya. Ɗana mai shekara 14 kuwa sai ya canza. Ba barci, ba cin abinci, kullum ciwon ciki da ciwon kai. Ko ƙarar famfo ya ji da dare sai ya zabura. Makaranta ma ya ƙi zuwa. Na ce lalaci ne, har na ɗaga masa hannu, Allah Ya yafe mini. Mahaifiyarsa ta ce iska ce. Sau biyu ina sayo maganin taifot a kemis, ba sauƙi.

Daga ƙarshe na kai shi wajen likitan yara, don ciwon cikin kawai. Likita ya duba shi, aka auna jini, ba zazzaɓin sauro, ba taifot. Sai ya ce, "Alhaji, ɗan ba mu wuri." Raina ya ɓaci, amma na fita. Ashe a daren ruwan yaron nan ya goya ƙanwarsa, ruwa ya kusa ƙwace masa ita, kullum abin yana dawo masa a mafarki. Wata biyu yana riƙe da maganar, bai iya faɗa wa ubansa ba. Likita ya ce ciwon cikin gaskiya ne, amma tushensa firgici ne. Ya koya mana yadda za mu zauna da shi, ya tura mu wajen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Alhamdu lillahi, yau yaro yana makaranta.

To jama'a, amfanin likitan yara ke nan. Yaro ba zai ce maka "Baba ina cikin damuwa" ba, jikinsa ne zai faɗa. Likitan yara shi zai fara tantance ko cutar jiki ce, ya tambayi barci da abinci da abokai, ya ji abin da yaro ke jin nauyin faɗa mana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowane yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da irin wannan matsala, kuma rabin cututtukan ƙwaƙwalwa suna somawa ne daga shekara 14 zuwa ƙasa. Balle yaranmu da suka tashi cikin ƙarar bindiga tun 2009. In muka yi shiru, wani zai ba su tiramol, ko kodin ɗin da gwamnati ta hana a 2018.

Ba mu da uzuri. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da sashen yara, ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a hanyar Baga. Zuwa can ba ya nufin ɗanka ya haukace.

Roƙona uku ne. In yaro ya yi sati biyu ba barci, ba walwala, a kai shi. In ya ambaci mutuwa ko kashe kansa, ranar nan za a tafi, ba gobe ba. In likita ya ce ka fita, ka fita. 'Yan mata ma haka, kada a ce aure take so. Addu'a kuwa ba za mu bari ba, ai malamanmu sun karantar da mu cewa neman magani bai saɓa wa tawakkali ba.

Allah Ya shirya mana zuriyya, Ya zaunar da Borno lafiya.