Haɗa Kan Asibitocin Kudancin Kano: Hujja Daga Ɗakin Haihuwa



Babu buƙatar a tsaya bayyana wa mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa nisan da ke tsakaninsu da Asibitin Murtala ko Asibitin Malam Aminu Kano, domin duk wanda ya taɓa ɗauko mai naƙuda daga bayan Dajin Falgore ya biyo ta Kwanar Ɗangora da dare ya san shi. Abin da wannan lacca take jayayya a kansa shi ne ma'aunin da hukumomi suka daɗe suna auna ci gaban lafiya da shi, wato yawan gine-ginen da aka ƙaddamar da gadajen da aka sayo. Ingancin aikin asibiti, ma'ana yawan marasa lafiyar da suka samu maganin da ya dace a lokacin da ya dace har suka koma gida da ƙafarsu, yana ɗaguwa ne idan asibitoci suka riƙa zama wuri guda a kai a kai suna kwatanta alƙaluman aikinsu.

Hujjar wannan magana a gida take. A watan Janairun 2008 aka soma wani shiri na tabbatar da ingancin karɓar haihuwa a asibitoci 10 na jihohin Kano da Kaduna, da tallafin ƙungiyar Rotary, kuma Farfesa Hadiza Galadanci da abokan aikinta suka wallafa sakamakonsa a 2011. An fara da duba halin da kowane asibiti yake ciki tare da gyara abin da ya lalace, sannan aka ajiye littafin rajista iri ɗaya a kowane ɗakin haihuwa, ana cike takardar taƙaitawa duk wata, ana tattara alƙaluman ana nazarinsu. A rabin farko na 2008, matsakaicin mace-macen mata wajen haihuwa a waɗannan asibitoci ya kai 1,790 cikin kowace haihuwa 100,000, amma zuwa rabin ƙarshe na 2009 ya sauko zuwa 940, wato kusan rabi cikin shekara biyu.

Akwai abubuwa biyu a cikin wannan bincike da suka shafi kudancin Kano kai tsaye. Na farko, an gano cewa asibitin da yake karɓar haihuwa kaɗan shi ne ya fi yawan asarar rayuka idan aka auna da adadin masu haihuwarsa, kuma ba a rasa dalili ba, domin likitan da yake shi kaɗai a ƙaramin asibiti ba shi da wanda zai yi shawara da shi, ungozomar da ba ta cika haɗuwa da jijjiga ba kuwa hannunta ba ya faɗawa. Na biyu, mace-macen sun tafi kafaɗa da kafaɗa da yanayin kayan aiki da tsabtar asibiti, abin da ke nuna cewa alƙaluman su ne suke gaya wa hukuma inda ya kamata kuɗin gyara ya fara sauka. Mutuwar jarirai kuwa da ƙyar ta motsa, daga 84.9 zuwa 83.5 cikin haihuwa 1,000, kuma ba don an ƙirga ba da babu wanda zai san cewa da sauran aiki ja a wannan ɓangare.

Bincike na baya-bayan nan ya ƙara wa wannan hujja ƙarfi. A 2023 aka wallafa sakamakon gwajin E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu a kan mata fiye da 210,000, kuma masu bincike na Jami'ar Bayero ne suka jagoranci ɓangaren Najeriya. An shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni da ke tara jinin da ya zuba, da zarar ya kai iyaka sai a haɗa mata matakan ceto gaba ɗaya: murza mahaifa, allurar tsuke mahaifa, allurar tsayar da jini, ƙarin ruwa, da binciken inda jinin yake fitowa. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta ta samu kashi 1.6 cikin ɗari na matan da aka yi wa haka, a maimakon kashi 4.3 a asibitocin da suka ci gaba da yadda aka saba. Magungunan sanannu ne tun da daɗewa. Sabon abu shi ne ma'aikatan asibitoci da yawa sun amince da ƙa'ida ɗaya, ana kuma nuna musu sakamakon aikinsu.

Masu cewa ƙarancin ma'aikata ya hana zaman nazari sun manta cewa asibitocin 2008 ba su fi na yau wadatar likitoci ba. Masu tsoron kada alƙaluma su tona asirin asibiti, har suna ganin gara a bar kaza cikin gashinta, amsarsu tana cikin tsarin nazarin mace-macen mata da jarirai da Najeriya ta amince da shi, wanda ginshiƙinsa shi ne ba a kama suna, ba a ɗora laifi. Ranar da rahoton mutuwa ya zama sanadin takardar tuhuma, daga ranar za a daina rubuta gaskiya.

Saboda haka ya wajaba Hukumar Kula da Asibitoci da Hukumar Lafiya Matakin Farko su kafa zaure na dindindin ga asibitocin waɗannan ƙananan hukumomi huɗu, wanda zai riƙa zama duk wata uku, ana kewayawa daga gari zuwa gari, ungozomomi da masu ɗakin gwajin jini suna zaune daidai da likitoci. A yi rajista iri ɗaya, kuma duk asibitin cikin birni da aka tura wa mara lafiya ya mayar da bayanin yadda ta kaya ga wanda ya turo. Kuɗin zaman ya fito daga Asusun Lafiya na Jihar Kano, KHETFUND, domin shirin da ya dogara da tallafin waje yakan tsaya da zarar tallafin ya ƙare. Asibitoci masu zaman kansu su shigo ta hannun hukumar da ke ba su lasisi. Idan zauren ya yi shekara biyu, a kawo alƙalumansa gaban jama'ar yankin, a kwatanta su da na ranar da aka fara.

Allah ya sa a dace.